Jakin Tanko da Garuruwan Taurari

Shekarar da aka yanke mana Jigawa daga Kano ina ɗan firamare a Fagam, kuma ni dai ban ga abin da ya canja ba sai lambar motoci. Da an idar da sallar isha'i, mu jikoki sai mu kewaye murhun kakarmu Inna Delu. Tana tura karan dawa cikin wuta, gyaɗa na gasuwa a toka, tana tsokanata wai ni maigidanta ne marowaci, ko goro ban taɓa saya mata ba.

"Ga ta nan," in ji ta. "Mai gyangyaɗi kuma a cinye masa gyaɗa."

Wai an yi wani bafatake mai fataucin gishiri, Tanko, da ya ji dundumi na kama shi, rana na faɗuwa ido na dushewa. Tsoronsa kada dare ya riske shi a daji ya kasa gane hanyar gari. Sai ya dage koya wa jakinsa tun yana ɗan gani. In haske ɗigo ɗaya ne mai kaifi, wutar mutum ɗaya ce, wataƙila ma ɗan fashi, sai ya ja linzami su kauce. In kuwa haske ya bazu ya yi ja-ja, murhu ne da yawa, gari ke nan, sai ya saki jaki, in sun isa ya cika shi da dusa. A kwana a tashi jaki ya ƙware, Tanko har barci yake a bayansa.

Ran nan mafarauta suka cinna wa daji wuta. Jaki ya hango ja ya bazu, ya sheƙa da murna. Tanko ya shaƙi hayaƙi ya ce, "Masha Allah, yau garin nan ana tuƙa tuwo." Sai da gemunsa ya fara ƙauri ya dira, ya faɗa fadama, gishirin da ya ɗauko ya narke tas. Muka yi ta dariya har da birgima.

"To laifin wa?" in ji Inna.

Na ce jaki, a zane shi.

"Haba maigida. Tanko ya taɓa nuna masa gobara?"

Ni kam ban yarda ba, haushin gishirin nake ji.

Yau ina karatun sararin samaniya, kuma aikin digirina koya wa kwamfuta ne ta tantance hotunan da madubin hangen nesa ke ɗauka. Tauraro ɗigo ne mai kaifi. Galaksi kuwa gari ne guda na taurari, nisa ya sa ya zama ɗan hazo. Ba a yi mata bayani, misalai ake nuna mata bila adadin har ta gane da kanta. Tawa ta yi ta burge ni, sai ranar gwaji ta riƙa kiran taurari biyu da suka manne da juna galaksi. Malamina ya ce in ba ta gyaru ba, babu digiri a bana. Wallahi na zage ta kamar tana ji.

Da na huce na koma kan misalan da na ba ta, ko tagwayen taurari ɗaya babu a ciki. Na tara su na nuna mata, ta gyaru, na yi dariya ni kaɗai na yi wa Inna addu'a.

Sai dai har yau ba na yin barci a bayan kwamfutar kamar Tanko. Sararin sama da faɗi yake, kuma akwai gobarar da ni kaina ban taɓa gani ba, balle in nuna mata.