Damayanti, Mai Ƙwace Kwakwa a Ƙofar Ɗakin Wankin Ƙoda

Kun san ta, kada wanda ya ce bai san ta ba. Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwansa wankin ƙoda a garin nan ya bi ta gaban Korada Damayanti, kuma da yawanku kau da kai kuka yi don kada gaisuwa ta haɗa ku. Ku kuka sa mata suna 'Yar Sanda. Kun ce ba ta da fara'a, kun ce ko uwar da ta haife ta ce ta zo ƙofar nan sai ta buɗe mata jaka. Ba ku yi ƙarya ba. To ga abin da kuka yi kamar ba ku ji ba: saura kwana tara a ɗauke ta daga ɗakin da ta yi shekara ashirin da ɗaya tana tsaro, a mayar da ita teburin yankan kati. Mutum talatin da huɗu ne rayuwarsu ke rataye da injinan ɗakin nan, kuma har yau ba a ji wanda ya yi ko tari ba.

Ƙarfe shida da rabi na safe take isowa, da kwanon shinkafarta ɗaure a ƙyalle. Mai kula da injina ya riga ya rubuta cewa ruwan wanki lafiya lau yake, amma sai ta ɗiba ta gwada da hannunta. Daga nan ta jawo wani dutsen niƙa da take ɓoyewa a ƙarƙashin tebur, wanda ta san nauyinsa kamar yadda ta san sunanta, ta ɗora a kan sikeli, don ko sikelin ma ba ta yarda da shi ba. Likitan ƙoda sau biyu a wata yake zuwa daga birnin Vizag, sauran kwanakin muryarsa ce kawai a waya. Damayanti mataimakiyar likita ce. Ita ke duba sakamakon jini, ita ke lissafa yawan ruwan da za a cire wa kowa, ita ke sanin lokacin da za a kira likita a ce masa maganar nan ba ta jira ba ce.

Idan ta gama da injina sai ta tsaya a ƙofa, kuma a nan ne ta samo sunan da kuka sa mata.

Ku tambayi Appanna, tsohon nan mai gonar yazawa, yadda suka yi wata ranar Litinin. Ya hau sikeli yana kallon silin kamar mai neman ƙadangare.

"Kilo uku da rabi tun ranar Juma'a," in ji ta. "Baba, me ka sha?"

"Ni? Na rantse da gonata, ko maƙogwaro ban jiƙa ba sai na haɗiyar magani."

"To sikelin ne ya sha?"

"Zanen nan ne, 'yata. Sabo ne, yana da nauyi."

"Zane mai kilo uku, sai ka ce bargon giwa! Guramma, matso nan. Jiya wa ya zo gaishe shi?"

Matar tsohon ta sunkuyar da kai tana murza gefen zanen sarin da ta ɗaura. "Surukinmu ne. Kin san ba a zuwa duba marar lafiya hannu rabbana."

"Guda nawa?"

"Ɗaya."

Damayanti ta kafa mata ido.

"Da rabi," in ji Guramma.

Dukanmu mun san abin da ake nufi. A nan yankinmu na Uddanam ɗanyar kwakwa ita ce gaisuwar marar lafiya. Mai zazzaɓi a sare masa, mai jego a sare mata, wanda ya dawo daga asibiti a tara masa a ƙofa har ya rasa wurin taka ƙafa. Wanda ya zo ba tare da ita ba, a ce ba shi da tarbiyya. Amma ruwan nan da muke ɗauka magani yana ɗauke da wani gishiri da likitoci ke kira fotasiyam, wanda lafiyayyar ƙoda ke zubarwa ba tare da mutum ya sani ba. Wanda ƙodarsa ta mutu kuwa, taruwa yake yi masa a jini, ya nauyaya ƙafafu, ya rage gudun zuciya, daga nan ya kashe ta kamar an hure fitila. Ba maƙiyi ne ke kawo wannan ajali ba. Suruki ne, maƙwabci ne, ɗiya ce da ta shigo mota tun daga nesa don ta ga mahaifinta.

Shi ya sa kullum za ku ga tsibin kwakwa a bakin ƙofarta. Me kuka ce da kuka gani? Kun ce sayarwa take yi. Har akwai mai rantsuwa cewa ƙaninta ne ke da rumfar kwakwa a tasha, alhali matar nan ba ta da ƙani ko ɗaya. Da ɗayanku ya tsaya har azahar, da ya ga masu shara da masu keken haya suna zaune a inuwa suna shanye su, ita kuwa tana tsaye tana ƙirga ɓawon, don ta tabbata ko guda bai koma ciki ta taga ba.

Damayanti, ke ce wadda ta zaɓi a tsane ta da rai a kan a yabe ta a wurin makoki. Ke ce mai shinshina gorar ruwa, mai juya aljihu, mai tambaya sau uku. Mun kira shi mugun zato, ke kuwa kin san mai ƙishirwa ba ya faɗin gaskiya, kuma ba ki taɓa riƙe shi da laifi ba.

Shekara biyu da suka wuce hukumar da ke ba da shaidar aiki ta ce duk mataimakin likita da ke son ci gaba da aiki a sashen ƙoda sai ya ci jarrabawar ƙwarewa. Wasu tsofaffin ma'aikata suka yi ta gunaguni, wai yanzu za a koya wa kifi iyo. Damayanti ba ta bi su ba. Cewa ta yi, "Gara a gwada mu. Ni kaina ban yarda da kaina ba sai na duba." Wata takwas tana cin abincin rana da littafi buɗe a gefen kwano, har shafukan suka yi jirwayen miya. Ta ci ta rubutu. Saura ta aiki, wadda ake yi a wani babban asibiti a Vizag: zango shida, minti goma goma, kowane zango da marar lafiya na gaske a kan gado da mai jarrabawa riƙe da agogo. Ƙararrawa na bugawa ka matsa gaba. Wanda ya bar zango bai gama ba, ya faɗi.

Ranar Litinin ce cikin watan Mayu, zafi kamar a toya ƙwai a dandamali. A zango na huɗu ta tarar da wani masunci mai suna Dilleswara, wanda aka ɗage masa wankinsa daga safe zuwa yamma don a yi jarrabawa da shi. Rabonsa da inji tun Juma'a. Mutum uku sun riga sun duba shi kafin ita. Takardar da ke manne a gado ta ce a duba jijiyar hannunsa da ake sa allurar wanki, a bayyana yadda ake kula da ita. Tambaya ce da Damayanti za ta iya amsawa ko daga barci aka tashe ta.

Ta ɗora yatsu uku a kan jijiyar. Tana gurnani kamar kyanwa, yadda ya kamata. Sai dai bugun yana zuwa da jan ƙafa. Ta ƙirga a zuci: arba'in da shida. Ta ɗaga ido ta dubi fuskarsa, sai ta hangi wani ɗan farin abu maƙale a gashin bakinsa.

"Anna," ta ce, yadda ake kiran kowane yaya, "me ka sha yau?"

Ya saci kallon mai jarrabawa. "An ce kar in amsa abin da ba ya cikin takarda."

Mai jarrabawar, wani dattijo mai suna Dakta Purnachandra, ya ƙwanƙwasa agogo da biro. "Malama, a kan hannu aka tambaye ki. Saura minti bakwai."

Kamar da bango yake magana. "Ɗaga mini ƙafarka," ta ce wa masuncin. Ya yi yunƙuri, ƙafar ta ɗan tashi ta koma. "Leɓɓanka fa, kana jin kamar tururuwa na yawo?"

"Tun ɗazu."

Sai ta durƙusa ta ɗaga labulen da ke bayan gado. Ga ɓawon kwakwa biyu nan, an sha an kankare naman tas. Kwakwar masu jarrabawa ce, wadda aka kawo musu don karramawa, ta ragu, masinja ya ga bawan Allahn nan yana ta haɗa gumi tun safe, ya tausaya masa ya ba shi.

"Biyu ne kacal, Akka," in ji Dilleswara, yadda ake kiran yaya mace, muryarsa ƙasa ƙasa. "Kada a yi masa faɗa, mutumin kirki ne."

Ta miƙe. "Dakta, ranka ya daɗe, mutumin nan ya tashi daga tambaya. A kawo na'urar duba zuciya, a shirya masa inji yanzu yanzu."

"Kin san doka. Idan kika bar zangon nan, ba a dawowa."

"Shi ma in ya tafi ba ya dawowa."

Ta saki birkin gadon ta tura shi da kanta. Tana cikin baranda ƙararrawa ta buga, ta sake bugawa tana riƙe da hannunsa, ta buga ta ƙarshe tana tsaye ana sa masa allura. A faɗi gaskiya ko ta kan wa za ta faɗa: Dakta Purnachandra ya biyo ta a guje, kuma da ya ga zanen bugun zuciyar, da hannunsa ya yi wa mutumin allurar ceto. Kafin azahar Dilleswara na kan inji yana tambayar ko za a ba shi kuɗin motar da aka yi masa alkawari.

Bayan mako shida sakamako ya fito. Layi ɗaya ne: ba ta kammala zango na huɗu ba, ba ta halarci na biyar da na shida ba. Mutum ukun da suka riƙe hannun nan kafin ita, suka bayyana jijiya tiryan tiryan ba su lura da mai jijiyar ba, duk sun ci.

A nan ne ya kamata mu ari halin Damayanti mu yi tambaya. Ina rahoton abin da ya faru a zango na huɗu? Me ya sa babu kalmar kwakwa ko sau ɗaya a takardar? Wa ya yarda a ɗage wa mai ciwon ƙoda wanki bayan kwana uku don a samu abin gwaji? Wa ya ga ya dace a shigo da ɗanyar kwakwa zauren da aka kwantar da masu wannan ciwo? Ba a ce wani ya yi da gangan ba. Amma wanda zai rubuta cewa ta yi daidai, dole ya rubuta abin da ta gano a bayan labule, kuma da alama alƙalamin ya yi wa wani nauyi. Ba jarrabawa ake ƙi ba, ana bukatarta, don mun gaji da masu koyon aiki a jikin iyayenmu. Amma jarrabawar da ke ba da maki ga wanda ya ga hannu, ta kayar da wanda ya ga mutum, ita ma tana bukatar a gwada ta.

Ita ba ta yi ƙorafi ba. Da abokan aiki suka taru suna yi mata jaje, cewa ta yi, "Takardar ba ta yi ƙarya ba, ban gama ba. Wa ya bar gorar nan kusa da gado na bakwai?" Sai da aka yi da gaske kafin ta sa hannu a takardar ɗaukaka ƙara, don ba a sake wata jarrabawar sai baɗi, dokar kuwa ƙarshen watan nan za ta hau kanta.

Makon jiya Dilleswara ya yi tafiyar awa biyar a mota ya zo nemanta. Ya ce ya ji labari, kuma zai tsaya gaban ko wane ne ya faɗi abin da ya faru. Ya same ta a inda kowa ke samunta, a bakin ƙofa. Ya kwance ƙullin da ke hannunsa ya miƙa mata da hannu biyu. Ɗanyar kwakwa ce, ƙatuwa, koriya shar.

"Taki ce, Akka. Ke ai ƙodarki lafiya."

Masu jira a kan benci suka zuba ido. Wasu sun rantse sun ga idonta ya kawo ruwa. Ta karɓa, ta jujjuya ta, ta duba ko an huda, ta girgiza ta kusa da kunne. Sannan ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Guda nawa ka saya?"

"Haba Akka!"

"Hau sikeli."

Ya hau yana dariya, bencin duka ya ɗauka.

Damayanti, mun gode. Mun gode da safiyar da kika hana Appanna komawa gida da ajalinsa a ciki, mun gode da jakunkunan da kika buɗe muna zaginki, mun gode da minti bakwai ɗin da kika zubar. Matasan da ke shirin wannan jarrabawa, ku karanta littafi yadda ta karanta, amma idan kun riƙe hannu ku ɗaga ido ku dubi gashin baki.

Ku kuwa da kuka sa mata suna, ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe za a saurari ƙararta a ofishin lafiya na gunduma. Masunci ya yi awa biyar a mota, ku tafiyar minti goma ce. Duk wanda mahaifinsa ko matarsa ko ɗansa ya taɓa hawa sikelin nan ya sauka da rai, ya rufe shago, ya bar gona, ya zo ya tsaya a zauren. Ku nemi a karanta rahoton zango na huɗu a gabanku da babbar murya. In an ce babu, ku tambayi dalili, kuma kada ku karɓi amsar farko. Kun ga yadda ake yi shekara ashirin da ɗaya. Ku sake tambaya.