Ranar da Na Tsaya wa Yaya

Ina cikin koya wa 'yan aji uku lissafi na hango farar a-kori-kura ta tsaya gindin darbejiyar makaranta. Ban ga wanda ke ciki ba tukuna, amma na ajiye alli. Na san motar. Ita ta kawo injin jirgin ruwan yayana gidanmu a Yelwa kafin faɗuwar damina.

Wakilin kamfanin injuna ne, dogo mai kwat, ga ɗan sanda biye da shi. Hedimasta ya ba mu ofishinsa, ya fita yana waiwayena.

"Malama, ina yayanki?"

"Ya bi masunta can ƙasan kogi."

"Injinmu fa?"

Ya san inda injin yake, duk Yauri ta sani. Iska ta kife jirgin a hanyar Wara. Allah ya sa masunta suka tsamo mutanen duka, amma injin ya nutse inda ruwan dam ya yi zurfin da ba a kai masa. Yaya bai gama biyan wata-watan da aka yanka masa ba. Ya tafi neman abin biya, tun daga nan shiru.

"To ke kika tsaya masa," in ji wakilin. "Da bakinki, gaban mutane."

Bai yi ƙarya ba. Yaya ba ya karanta boko, shi ya sa ranar da aka kawo injin ya kira ni zaure in karanta masa takardar. Ana gobe bikin ƙawata ne, hannuwana biyu suna ɗaure cikin lalle. Wakilin yana buɗe mini shafi, ina karantawa ina mayar wa Yaya da Hausa. Da muka kai ƙarshe ya tambayi wanda zai tsaya masa. Mu a bakin ruwa, in mutum zai karɓi jirgi ko tarun kamun kifi bashi, duk ɗan gidansu da ke wurin sai ya ce ya tsaya masa, a shafa fatiha a watse. Ka yi shiru a irin wurin nan, ka ce ɗan'uwanka ɓarawo ne ke nan. Ni kuwa ni kaɗai ce mai albashi a gidan. Na ce na tsaya masa. Wakilin ya miƙo biro, ya ga hannuwana, ya fashe da dariya.

"Amarya, bar shi, in na dawo kya sa."

Bai dawo ba sai ranar nan a makaranta, da takardar, da biron.

"Sa hannu nan mu rabu lafiya. In kin ƙi, yau ba gida za ki kwana ba."

Ɗan sandan yana ta juya ankwa a yatsansa. Na ɗauki biron. Wallahi na ɗora bakinsa kan layin. Yara suna ta hayaniya a ajina, ni kuwa abin da nake gani shi ne a wuce da ni ta gabansu hannu a ɗaure. Sai wani tunani ya zo mini: in maganar bakina ta isa, me yake nema da hannuna har ya taso tun daga Sakkwato? Na ajiye biron, na ce sai na gaya wa Inna.

Wakilin ya daki tebur. Ya ce to mu haɗu a kotu, can zan ga ko Inna ce ke da kurkuku.

Da sammaci ya iso, Inna ta riƙe shi a kife tana dubawa.

"Ɗiyata, magana ai magana ta. Kin ce kin tsaya, kin tsaya. Boko bai goge wannan."

Wannan ya fi barazanar wakilin karya ni, don na san haka ake. Na daina cin abinci. Ko wace mota ta rage gudu a ƙofar gida, sai in tashi in leƙa ta taga. Kawuna ya zo daga Shanga don ya raka ni kotu.

"Ke dai ci tuwo," ya ce. "Ni mutanen da na tsaya ma sun cika jirgi, babu wanda yat taɓa kawo min biro. Ke kinka jawo muna biro cikin dangi."

Na so in yi dariya, kuka ya fito.

A kotun majistare wakilin ya kawo maƙwabtanmu biyu da ke zaure ranar. Suka faɗi abin da suka ji, ba su iya kallona. Alƙalin ya juyo.

"Kin faɗi haka?"

"Na faɗa, ranka ya daɗe." Na ƙanƙame katakon akwatin da nake tsaye ciki.

Ya karɓi takardar, ya buɗe shafin ƙarshe. Ya ga dangwalen Yaya, ya ga layina fari fat.

"Me ya hana ta sa hannu?"

Da wakilin yake. Ni na amsa.

"Lalle, ranka ya daɗe."

Mutane suka kwashe da dariya har sai da aka tsawata. Alƙalin bai yi ba. Ya ce dokar da yake aiki da ita ta yarda da ciniki iri-iri na baka, amma alkawarin ɗaukar bashin wani in ya kasa, wannan sai a rubuce, da sa hannun mai ɗauka. Kamfani ya san haka, shi ya sa ya ja layin. Hakkinsu na kan wanda ya dangwala, su neme shi.

Ban motsa ba. Na ji kamar ban fahimta ba.

"Ranka ya daɗe, ɗan sandan fa?"

Ya cire tabarau ya dube ni.

"Yarinya, babu mai kulle ki. Sauko ki tafi gida."

Sai da Kawu ya zo ya ɓamɓare yatsuna daga katakon.