Shekarar da Auta Ta Yi Yajin Tafiya

Duk lokacin da na wuce inda ake gini a garin Diffa, warin ɗanyen siminti ya bugi hancina, sai na ji goshina ya yi zafi kamar ni ce na faɗi. Ba ni ba ce kuwa, ƙanwata ce, autar gidanmu. Bari in ba ku labarin tun daga tushe. Ku dai yi haƙuri da ni, don a gida an ce idan na ga ƙadangare, kafin in iso tsakar gida ya zama kada.

Ƙauyenmu yana gabas da Diffa, kan hanyar Geskeru, daf da kogin Komadugu. Tun da na buɗe ido tsakar gidanmu yashi ne, fari, mai laushi, wanda Kaka, mahaifiyar Baba, take sa a ɗebo daga cikin kogi idan ruwa ya janye. A kansa Baba ya yi rarrafe, a kansa ni ma na yi, na kuma ci wanda zai isa a gina ɗaki. Sai dai Baba manomin tattasai ne, kuma masu saye kullum ƙorafinsu ɗaya, wai tattasanmu da ƙasa a jiki. Shekarar da gona ta yi kyau sai ya ɗauko magini daga gari, aka kwashe yashin, aka shafe tsakar gidan da siminti tun daga ƙofar zaure har bakin madafa, don a riƙa shanya a kai. Ya yi sumul, yana sheƙi. Maƙwabta suka riƙa zuwa kallo, wasu har suna tuɓe takalmi kamar za su shiga masallaci.

Kaka ce kaɗai ba ta yaba ba. Ta doka shi da diddige, ta saurara, ta ce, "Wannan ƙasa ba ta san mutum ba." Da Barbarci ta faɗa, don da shi take mana faɗa da addu'a, ni ce nake mayar muku da shi Hausa. Baba ya yi dariya, ya ce, "Tsohuwa, ai tattasai za a shanya, ba mutane ba."

A cikin sanyin shekarar, lokacin da jan tattasai ya rufe rabin tsakar gida, Auta ta miƙe. Kun san tafiyar farko: hannuwa a sama, ciki a gaba, ƙafafu a buɗe, kai ya fi jiki nauyi. Tana tafe tana tangaɗi kamar kwalekwalen da ya yi lodi fiye da ƙima. Inna na fama da girki da tsintar tattasai, don haka aka ɗora mini gadinta idan na dawo daga lakwal, wato makarantar boko. Na riƙa binta a duƙe, hannuwana a kewaye da ita, har bayana ya soma lanƙwasa, na ce wa Inna idan na yi doro ita za ta nemo mini miji.

Da na gaji sai na yi dabara. Na samo wani tsohon buhu a bayan rumbu, na yayyage shi, na naɗe kamar gammo, na ɗaure wa Auta a ka da ɗankwalin Inna. Ta fito kamar wani ƙaramin attajiri mai rawani. Abin da ban yi tunani ba shi ne, a gidanmu babu buhun da bai taɓa ɗaukar tattasai ba. Ta yi taku ɗaya, ta tsaya, ta yamutsa fuska, sai atishawa. Atishawar ta zaunar da ita daɓas. Ta tashi, wata ta sake zaunar da ita. Ni da na ɗauke ta na kama, Inna da ta karɓe ta ta kama, har akuyar da ke ɗaure ta sa baki. Kaka ta wanke mata fuska da ruwa mai yawa, sannan ta bi ni da muciya har waje tana cewa, "Ke uwar dabara, tsaya in naɗa miki naki!"

Wannan mun yi dariyarsa. Na gaba ne ba mu yi ba.

Wata hantsi ce, kowa yana gida. Baba yana juya shanya, Inna ta gama wanke-wanke, ruwan ya ɗan gangaro kan simintin. Ina bayan Auta, ban yi nisa ba. Motar masu sayen tattasai ta danna oda a ƙofar gida, Auta ta juya da sauri don ta gani, ƙafarta ta taka jiƙaƙƙen wurin. Ƙarar da goshinta ya yi a kan simintin nan, ko ni mai ƙarin gishiri ba zan ƙara mata komai ba. Inna ta saki kwano ta ɗora hannu a ka tana salati. Ni na kurma ihun da na tabbata an ji shi a tsallaken kogi, cikin Najeriya. Auta ta ɗago, ba ta fara kuka ba tukuna. Ta dubi Inna, ta dube ni, ta ga fuskokinmu, sannan ta ɓarke.

Goshin ya kumbura kamar ƙwan zabuwa, ya kuma saɓe cikin 'yan kwanaki. Amma Auta ba ta sake tsayawa ba. Idan ka ɗaga ta za ka dire, sai ta naɗe ƙafafu sama kamar za a sa ta a garwashi. Ta koma rarrafe, daga baya ma ta bar rarrafen, sai dai ta zauna a ƙofar ɗaki tana kallon tsakar gida. Sati ya bi sati. Mata masu shigowa suka fara magana ƙasa-ƙasa. A unguwarmu akwai wata yarinya da ta fara tafiya lafiya lau, zazzaɓi ya kama ta, shan inna ya shanye mata ƙafa. Ba wanda ya ambaci wannan a gaban Inna, amma na sha ganinta tana matsa cinyoyin Auta tana duban fuskarta, ko za ta ji.

Ranar kasuwa aka kai ta gidan likita a Diffa. Likitan ya duba kan, ya haska idanun, ya ƙwanƙwasa gwiwoyi, ya sosa tafin ƙafa, Auta ta harbe shi a ciki. Ya ce ƙafar da ta yi wannan harbi ba abin da ya same ta. Inna ta ce, "To, me ya hana ta tafiya?" Ya ce tsoro ne, kuma ba shi da allurarsa.

Baba ba mai yawan magana ba ne. Tun ranar faɗuwar ya daina zama a tsakar gida. Wata safiya sai ga shi ya shigo da babbar guduma da ya aro, ya naɗe hannun riga, ya tsaya a daidai inda Auta ta faɗi. Na ruga na kira Kaka, ina murna, don na ɗauka za ta yi guɗa. Ai ita ce mai ƙin simintin.

Ta fito tana gyara zane, ta ce, "Ajiye."

Ya ce, "Ke kika ce bai san mutum ba."

Ta ce, "Na faɗa, kuma ban janye ba. To idan ka fasa wannan, sai ka ɗauki gudumarka ka tafi Diffa ka fasa na lakwal da na gidan likita? Yarinyar nan a duniyar siminti za ta girma. Ajiye, ka ba ni ita."

Lokacin zafi ya shigo, Komadugu ta janye, sai 'yan tafkuna nan da can inda masunta ke kama ragowar kifi. Da la'asar Kaka ta goya Auta, ta sa ni a gaba, muka gangara cikin kogin. Yashin ya huce, yana shiga tsakanin yatsu. Ta zaunar da Auta, ta ja da baya, ta gyara tsayuwa. Sai kawai na ga tsohuwar nan, wadda ko liman yake gaishe ta a durƙushe, ta saki jiki ta faɗi zaune, ƙafafu a sama, tana dariya. Ta dube ni ta ce, "Ke mai bakin aku, yau ga ranarki. Faɗi."

Jama'a, ban taɓa samun aikin da ya dace da ni kamar wannan ba. Na yi faɗuwar mai tallan nono, na yi ta ɗan kokawar da aka kayar, na yi ta mushen lakwal ɗinmu, wato malaminmu, ranar da kekensa ya shiga yashi. Auta ta fara da murmushi, ta koma ƙyalƙyala. Muka dawo washegari, muka sake dawowa. Sai wata rana na tsaya kusa da ita ina tangaɗi na ƙi faɗuwa. Ta jira, ta gaji. Ta kama zanena, ta ja jiki, ta miƙe tsaye don ta ture ni. Na faɗi, ita ma ta faɗi.

Ihu ya taso mini har maƙogwaro. Kaka ta mintsine ni a cinya, mintsinin da har yau idan hadari ya taso ina jin wurin. Ta ce a hankali, ba ta ko dube ni ba, "Fuskarki take karantawa. Yi dariya." Auta na kwance, baki cike da yashi, tana kallonmu. Na yi dariya, hawayen mintsini na zuba. Ta tofar da yashin, ta dafa ƙasa, ta sake tashi.

A cikin kogin nan ta koyi faɗuwa da mazaunai, ta koyi tarar ƙasa da hannu. Da Kaka ta gamsu, sai ta sa Baba ya kawo amalanken yashi, aka zuba daga ƙofar ɗakin Inna zuwa gindin itacen bedi, wato dogonyaro. Ta kafa dokoki kamar sabon kwamanda. Ba a zubar da ruwa a tsakar gida. Ba a shimfiɗa tabarma a kan siminti, don zamewa take yi. Ba a sa wa Auta takalmi, tafin ƙafarta ya fi riƙe ƙasa. Bakin dakali kuwa ta naɗe shi da tsofaffin zannuwa, bayan ta shinshina kowanne tana harara ta. Kowace safiya idan tana shara sai ta ɗan rage yashin daga gefe, kaɗan-kaɗan, ba wanda ya lura, har filin Auta ya zama rabi yashi rabi siminti.

Wata yamma Baba ya dawo daga gona, ya tsuguna a ƙofar zaure yana kwance igiyar takalmi. Auta na tsaye a bakin yashinta. Ta gan shi, ta ɗaga hannuwa, ta taka simintin. Inna ta toshe bakinta da gefen mayafi. Ni na danne cinyata da kaina tun kafin a taimaka mini. A tsakiya ta yi tangal-tangal, ta zauna daɓas, ta dubi Baba. Ya yi mata murmushi, ban san inda ya samo shi ba. Ta tashi, ta ƙarasa, ta faɗa ƙirjinsa. Ya daɗe bai ɗago kai ba. Da ya ɗago ya ce tattasai ne ya shiga masa ido, alhali an kwashe shanya tun tuni.

Yanzu ina karatu a Diffa, a gidan kawuna, sai hutu nake komawa. Gidajen ƙauyenmu da yawa sun yi siminti, amalanken yashi ya rage shiga unguwa. Auta ta shiga lakwal, kuma ba ta san tafiya ba sai gudu. Inna kan ce, "Wai wa ya roƙi yarinyar nan ta tashi?" Idan na ba ta labarin yajinta sai ta ce ƙaryata ce irin ta kullum.

Kaka ce gwiwa ta hana ta gangara kogi. A hutun damina da ya wuce ina zaune kusa da ita aka ce ruwa ya kusa isowa Komadugu. Ta kira Auta ta ce ta je ta gano mata. Kafin ta rufe baki yarinyar ta tsallake dakali, ta keta tsakar gida, ta ɓace. Na ce, "Kaka, ba ki jin haushi, kin koya wa mutum tafiya ya tafi ya bar ki?"

Ta ce, "Wa ya bar ni? Ƙafafun can nawa ne, aro na ba ta. Yi shiru in ji dawowarsu."