Buhun Dankalin Bana

Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, Malam Isuhu, kuma bana ne karo na farko da buhun dankalinsa ya daɗe a bayan ƙofa ban kwance bakinsa ba.

Direban babbar mota ne. Abin da yake ɗauka kuwa ba a ambatonsa wurin cin abinci. Ruwan da ke fita daga bayin gidajen gabashin London wuri ɗaya yake taruwa, a tace shi, a matse lakar, ta fito baƙa ƙirin kamar ƙasar fadama. Ita yake kai wa manoma a Essex su yi taki. Turawan wurin aikinsu suna ce mata kek. Tun ranar da ya gaya mini sunan ban ƙara sa kek a bakina ba.

Ban taɓa sassauta masa ba. Takalmi a waje, kaya a bokiti, wanka kafin ya taka dardumar salla. Sai ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ki daina yamutsa fuska, lodin yau har da naki a ciki." Ɗan manomi ne. Ya tashi can gida yana ganin jakuna na fita da takin birni zuwa gonaki, ya kuma yarda cewa ƙasa tana cinye kome ta mayar da shi abinci. Da wannan yardar ya yi aikinsa, da ita ya koma ga Allah.

Cikin manoman akwai wanda suka shaƙu, kowace kaka sai ya aiko mana da buhun dankali. Shi ma ya mutu, amma ɗansa bai daina ba.

Bana 'yata Hadiza, wadda ke aikin nas a Whitechapel, ta zo ta tarar da buhun. Ta ce, "Umma, kada ki dafa wa yarana wannan, please." Wai yanzu an gano a cikin kek ɗin akwai ɓurɓushin roba da wasu sinadarai da ba sa ruɓewa, na masana'antu da na abin da muke zubawa a sink wurin wanke-wanke. Dokar takin kuma ta tsufa: gubar ƙarfe kawai take sa a nema a ciki, waɗannan ba ta san da su ba.

Na ce, "Wato ubanki guba ya yi ta kai wa gonakin mutane?"

Ta sunkuyar da kai.

Na sa ta kira ɗan manomin da ke aiko da buhun. Ya ce kome bisa doka ake yi, ana gwadawa. Na ce ta tambaye shi, in an gwada me ake nema? Ya ce bai sani ba, kuma dankalin nan shi 'ya'yansa ma ke ci.

Da Malam yana raye, ban ce zai yi musu ba. Mutumin da bai taɓa juye lodi kusa da rafi ba ko da dare zai yi masa a hanya, tsayawa zai yi ya tambaya har a gaji da shi. Ni ce na gaji. Kullum ana cewa za a gyara dokar, kullum motoci na fita. Ban ce a daina taki ba, don dole lakar nan ta je wani wuri. Amma wanda ya ce wa direba da manomi abu mai tsabta ne, wajibinsa ne ya duba duk abin da ke ciki, ba wanda ya saba dubawa kawai ba.

Abin da ya rage mini na Malam shi ne bai taɓa kai wa kowa abin da shi ba zai ci ba. Jiya na kwance buhun. Na dafa wa jikokina shinkafa, ni kuma na fere dankali na zauna na ci ni kaɗai. Allah Ya jiƙansa, Ya sa kada a tambaye shi abin da ba a gaya masa ba.