Na Je Ostireliya Neman Jikan Hajiya

Unguwar Abu Hail, Dubai

Tun kafin a kira assalatu na sauko da akwatina daga bene. Ƙarshen watan Agusta ne, lokacin da iskar Dubai ko da asuba take dukan fuska kamar an buɗe murfin tukunya. Maƙwabcina Alhasan, ɗan Kumasi mai tuƙa motar wani otal a unguwar Al Rigga, shi ya ɗauki nauyin sauke ni a filin jirgi.

"Yalla, Malam Bala. Wurin ƙanin naka za ka? Lafiya dai ko?"

"Abin da zan je in gano ke nan," na ce masa.

Ga yadda abin yake. Naziru, autan Hajiyarmu, ya je Ostireliya karatun likitan dabbobi, ya gama, ya sami aiki, ya yi zamansa. Wata rana yana waya da Hajiya ta bidiyo, Gwaggo Rabi da ke gefe ta hango kwalaben shayar da jarirai a jere bayansa. Kafin la'asar dangi a Kano sun gama shari'a: yaro ya yi aure a ɓoye har an haihu. Da aka tsare shi sai ya ce wai dabba yake reno. Gwaggo ta ce wannan rainin hankali ne. Ni ma da na kira shi, wata jaka ya nuna min a rataye, wai tana barci a ciki. Jaka kawai na gani.

Hajiya idonta ya yi rauni, Dubai ce iyakar inda take iya zuwa. Ta ce min, "Ka je ka gani da idonka, ka dawo min da shi kusa." Na yi ta zarya har wani Balarabe mai asibitin raƙuma ya yarda ya ajiye wa Naziru gurbin aiki zuwa ƙarshen wata mai kamawa. Da wannan saƙon na hau jirgi.

Kuala Lumpur zuwa Perth

Tikiti mai sauƙi na yanka, don haka sai da muka yada zango a Kuala Lumpur. Na ci shinkafa da wani busasshen kifi mai zaƙi wanda har yau ban yanke masa hukunci ba, na miƙe a kujera har aka kira jirginmu.

Da hantsi muka sauka birnin Perth na Ostireliya. Muna layi sai ga wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna daram a gaban akwatina, ya ƙi tashi. Ma'aikaciyar kwastan da ke riƙe da shi ta buɗe akwatin, ta fito da kilishi da dambun naman da Hajiya ta aiko tun daga Kano. Ta gode min da na faɗa musu tun farko ina ɗauke da abinci, ta yi min murmushi, ta jefa su a kwandon shara. Wai nama ba ya shiga ƙasar. Na ce ai busasshe ne, ta ce ta gani. Mutum ya ƙwace maka kaya yana gode maka, ka rasa ta inda za ka fara fushi.

Ina fita sanyi ya tare ni. Jallabiya ce shara-shara a jikina da silifa, don ni a lissafina duk duniya zafi ake. Naziru na tsaye da rigar sanyi a hannu, ya yi gemu, ya rame kaɗan.

"Sannu da zuwa, Yaya. Na san haka za ka zo."

"Wane irin gari ne wannan, sanyi a Agusta?"

"Nan komai a juye yake, za ka saba."

Na buɗe ƙofar mota zan shiga sai na tarar da sitiyari a gabana. Na zagaya ina ƙunƙuni.

Bunbury

Tafiya zuwa Bunbury, garin da yake zaune, wajen awa biyu ce zuwa kudu, ana tuƙi a hannun hagu, kowace mota ta taho sai na runtse ido. Da muka isa na ce zan yi azahar, na dubi rana na rasa gabas da yamma, don ta arewa take bi. A Kano gabas muke kallo, a Dubai da ƙyar na saba da yamma, nan kuma Naziru ya karkata min darduma tsakanin yamma da arewa. Na bi shi kawai, Allah ya karɓa.

Ina sallamewa na fara aikin da aka aiko ni. Kwalabe na nan a kicin, ga gwangwanin madara, ga wasu 'yan buhunan yadi a shanye a igiya. Na leƙa banɗaki ban ga kayan mata ba, na leƙa bayan ƙofa ban ga takalmin mace ba. Ina tsaye a falo sai jakar da ke rataye a jikin kujera ta motsa, wasu dogayen ƙafafu biyu suka fito, sannan kunnuwa, sannan fuska irin ta barewa. Na ja da baya har na take darduma.

"Yaya, ga Laraba. Ranar Laraba na tsince ta."

'Yar kangaru ce, dabbar nan mai tsalle da ƙafa biyu wadda uwarta ke goya ta a aljihun ciki. Naziru ya rungume ta, ya ɗiga madarar a bayan hannunsa ya ji ɗuminta, ya sa mata a baki. Wai madarar saniya tana ɓata mata ciki, tata daban ake sayowa. Da ita yake zuwa aiki, a jaka. Ta ƙoshi, ta yi alkafura ta koma ciki da ka. Na zauna ina kallon ikon Allah, na rasa ko daɗi zan ji ko haushi.

Kwanakin da na yi a garin

Da asubar farko wata irin dariya ta tashe ni daga bishiyar bayan gida, ƙyaƙyatawa sosai irin ta wanda ya ga ka faɗi a kasuwa. Na karanta duk abin da ya zo bakina. Naziru ya ce tsuntsu ne. Zan sa takalmi ya ce in fara kakkaɓewa saboda gizo-gizo mai dafi. Na fita miƙe ƙafa, wani tsuntsu mai fari da baƙi ya kawo min sura ta baya ya tafi da hulata ƙasa. Wai lokacin ƙwansu ne, kuma suna riƙe fuskar mutum. Me na yi masa? Masu keke na gani sun soke hulunan kwanonsu da tsinkayen roba kamar bushiya, suna wucewa ba ko kunya.

Mutanen ma sun ɗaure min kai. Na ga mutum da babbar mota ya shiga kanti ba takalmi. Magariba ba ta yi ba an rufe yawancin shaguna, gari ya yi tsit, ni da na saba Al Rigga ba ta barci. Ran Asabar muka je kallon ƙwallo: ƙwallon kamar gwanda, fili kamar ƙwai, sanduna huɗu a kowane gefe ba raga, ana ɗauka da hannu, ana hawa kafaɗar juna. Na tambayi wani tsoho wa ke ci, ya yi min bayani mai tsawo, na gyaɗa kai ban tsinci komai ba. Abu ɗaya na yaba, murhun gashi da hukuma ta kafa a bakin teku kyauta. Naziru ya shimfiɗa takardar gashi a kai, muka gasa naman rago na halal da ya sayo, kowa in ya gama sai ya goge wa na bayansa.

Duk kwanakin nan maganar aikin tana bakina, na kasa fito da ita.

Hanyar Collie

Ana jibi zan tafi muka fita da sassafe zuwa wata gona ta wajen Collie, inda aka kira shi duba tumaki. Muna cikin daji sai ya taka birki. Kangaru ce babba a gefen titi, mota ta buge ta. Ya ja ta gefe, ya durƙusa, ya cusa hannu a aljihun cikinta.

"Kai Naziru, mushe ne fa."

"Na sani, Yaya. Buɗe rigarka."

Kafin in ce wani abu ya zaro wani ɗan mitsitsin abu da gashi bai gama fito masa ba, ya naɗe a tsumma, ya tura min a ƙirji. Wai ɗumin jiki yake bukata, in ba haka ba ba zai kai awa ba. Ya ɗauko gwangwanin fenti ya fesa wa uwar alama, don masu wucewa su san an riga an duba. Haka al'adarsu take, har masu manyan motoci kan tsaya. Na zauna a mota ƙiƙam, ni Bala mai lissafin kwantena a unguwar Al Warsan ta Dubai, da ɗan mushe a cikin riga, ina jin zuciyarsa na bugawa a kan tawa. Muka kai shi gidan wata tsohuwa mai irin wannan reno, ta karɓe shi ta ce min na iya goyo.

A hanyar dawowa na fito da maganar. Na gaya masa aikin raƙuma, da albashi, da gida, da biza, da cewa Hajiya za ta riƙa zuwa tana ganinsa.

"Laraba sai ta ƙara kusan shekara kafin a sake ta a daji," ya ce.

"To bayan shekarar fa?"

Idonsa na kan titi ya ce, "Yaya, kada in yi maka ƙarya. Zan je in ga Hajiya, wallahi zan je. Amma zama, nan na iya."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Uwar wani ta mutu a titi ka taka birki. Taka tana raye tana jiranka."

Na ga hawaye na bin gemunsa, ni ma na juya ina kallon bishiyoyi. Muna isa gida ya wuce dama wa Laraba madara, don lokaci ya yi.

Dubai

Ta hanyar da na je na dawo. Zafi ya karɓe ni tun daga ƙofar filin jirgi, Alhasan ya karɓi akwati. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Alhasan, da tsohuwar nan da ta ce na iya goyo. Balaraben na kira shi na ba shi haƙuri, ya ce khalas, ba komai. Kiran Hajiya ne na yi ta jinkirtawa har bayan la'asar.

"Ka gan shi?"

"Na gan shi, Hajiya, lafiyarsa ƙalau. Yana sallarsa. Ba mata, ba ɗa. Gaskiya ya faɗa, dabba ce."

Na ɗauka za ta yi hamdala. Sai ta jefo wata tambayar.

"Zai dawo?"

"Ya ce zai zo ya gaishe ki. Amma aikin bai karɓa ba."

Ta ja numfashi. "Bala, ni fa tun kana hanya na yafe masa auren. Har na sa Rabi ta sayo 'yan riguna, ban san mace ba ne ko namiji, na ce ta haɗo duka biyun." Muryarta ta yi ƙasa. "Da ɗa ne ya riƙe shi, da na san abin da zan gaya wa zuciyata."

Can ta ce in je in huta, na sha hanya.