Ranar da Mai Burukutu Ta Tsaya Wa'azi

Ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta da ranar da aka tsayar da ni gaban dattawan wani ƙauye a bayan Sunkani, aka ce in buɗe baki in yi maganar Allah. A lokacin ko sunana aka rubuta a bango ba zan gane shi ba.

Sai kun san ko ni wace ce kafin ku ji nauyin abin. Shekara goma sha huɗu na yi ina dafa burukutu a Sintali, kuma ba yabon kai ba, nawa ba ya kwana. Bakina ma ya yi suna, don mashayi bai isa ya kawo mini raini ya tafi da mutuncinsa ba. Ana nan wata rana tukunya ta kife mini a ƙafa tana tafasa. Wata biyu na yi a kwance. Mutanen da suke cika mini gida kullum, ko leƙe babu wanda ya yi. Waɗanda suka zo su ne matan zumunta na cocin unguwarmu, waɗanda nake yi wa dariya idan sun wuce da zannuwansu iri ɗaya. Shugabarsu tsohuwar nas ce, kowa Mama yake ce mata. Kullum sai ta zo ta wanke ciwon nan mai wari, ba ta taɓa yi mini maganar giya ba. Da abin ya ishe ni na tambaye ta me take nema a wurina. Ta ce, "Ni ba na neman komai, ƙanwata. Yesu ne yake nemanki." Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Kafin ƙafar ta warke na ba da raina ga Almasihu, na koma sayar da kunu da masa.

Na tuba, amma kunya ba ta sake ni ba. Bencin ƙarshe ne wurina a coci. Duk ranar da aka yi shelar fita bishara ƙauye sai in ji kamar da ni kaɗai ake. Ni kuwa in ce a raina, Ubangiji, ga malaman makaranta, ga matan ofis, me za ka yi da jahila mai warin tsiron giya? Sai in tashi in kama shara ko wanke-wanke, wai ko zan rufe wa kiran baki. Shekara biyu muna wannan ja-in-ja, ni da Mahaliccina.

Bayan girbi sai ga saƙo daga ƙauyen nan. Wasu gwauraye mata uku ne masu bi a can, suna addu'a a ɗaki ɗaya, suna roƙon a ba su fili su yi rumfar sujada. Mai gari ya ce sai an zo an faɗa wa dattawa abin da za a riƙa yi a wurin, in ya gamshe su a bayar, in bai gamshe su ba a bar maganar har abada. Mama ta ce da ni za a je. Na yarda, amma da sharaɗin girki kawai zan yi. Sai da mota ta bar kwalta na gane hanyar. Ƙauyen da nake kai jarkokin burukutu ne a da, ranar kasuwa. Na ja ɗankwali har gira, muna isa na shige bayan gida na haɗa murhu.

Daga can ina jiyo matar fastonmu tana yi wa dattawan wa'azi. Baiwar Allah ta iya magana, amma Hausarta ta littafi ce, su kuwa tsofaffin nan Hausarsu ta ciniki ce. Ina cikin tuƙa tuwo sai ga Mama a kaina.

"Ajiye muciyar nan. Ba sa ji, mai gari har ya fara laluben sandarsa zai tashi. Ke kaɗai ce kike jin yarensu."

Na ce, "Mama, ki rufa mini asiri. Mutanen nan sun san ni. In suka gan ni, maganar filin ta lalace."

Ta ce, "In kin zauna ma ta lalace. Tashi."

Na fito gaban dattawan. Ko gaisuwa ban gama ba wani tsoho mai jar hula ya nuna ni da sanda. Da Hausa ya yi maganar, don baƙi su ji da kyau. "Wannan mace, ni na san shi. Shi ne yana kawo mana burukutu. Yau kuma mene ya kawo?" Wurin ya kwashe da dariya. Na ga matan zumunta sun sunkuyar da kai, na ga gwaurayen nan uku suna kallona kamar an yi musu mutuwa. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Na roƙi Allah a zuci ya ba ni abin faɗa, sai na ji tsohon bakin nan nawa ya dawo, amma babu zagi a cikinsa. A wurinmu, mai giya ba ta miƙa wa mutum ƙwarya sai ta fara kurɓa a gabansa, don ya tabbata ba a sa masa komai ba. Na dubi tsohon na ce masa da yare, "Baba, duk shekarun da na yi ina zuba maka, na taɓa ba ka ƙwaryar da ban fara kurɓa ba?"

Sai ya juya wajen 'yan'uwansa ya ce, "Ba ta taɓa ba. Kuma ba ta ƙara ruwa."

Na ce, "To wannan ma sai da na fara sha. Shekara biyu ke nan ina sha, ga ni tsaye a gabanka. Ba zan kawo maka abin da zai cuce ka ba."

Mai gari ya mayar da sandarsa ƙasa ya ce, "Zuba mana mu ji."

Ban san aya ko ɗaya da lambarta ba. Na ɗage zane na nuna musu tabon ƙafata, na ba su labarin wanda ya aiko a wanke mini ciwo lokacin da kowa ya guje ni, wanda ya mutu domina ya kuma tashi. Suka yi ta jefo tambayoyi, wanda na sani in amsa, wanda ban sani ba in juya wa matar fasto. Tuwon da na bari a wuta ya ƙone ƙurmus, babu wanda ya damu. Kafin la'asar mai gari da kansa ya auna filin da taku, gwaurayen nan suna biye da shi suna guɗa. Na yi murna har na rasa inda zan sa kaina.

Yau coci ne mai rufin kwano a wurin. Tsohon mai jar hula ya ja wa kansa aji har damina biyu, sannan ya nemi baftisma, ya ce kuma ni zan riƙe masa hannu zuwa bakin rafi. Ni ma na shiga ajin yaƙi da jahilci, yanzu ina karatu, ko da yake da yatsa nake bin layi.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, Allah ya san tarihin mutum sarai kafin ya kira shi, kuma ba ya kuskuren gida. Shekara biyu na ɓata ina lissafa masa abin da ba ni da shi, alhali abin da nake ɓoyewa saboda kunya shi ne ya buɗe kunnen dattawan nan. In kin ji kira, 'yar'uwa, ki tashi da abin da ke hannunki, ko da muciya ce.