Alƙalin Da Ya Jira Isuhu Ya Dawo Hayyacinsa

Ina ofis a Katsina, bayan la'asar, babban ɗan Malam Sada ya kira ni daga Pauwa. Bai tsawaita ba. Ya ce, "Malam ya cika, gobe da safe za a kai shi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam Sada ya yi alƙalanci a kotunan ƙasar Faskari da Sabuwa kafin ya ajiye aiki ya koma gida. Na san shi ne lokacin da nake zaga kotuna ina ɗauko wa jarida rahoto. Mutum ne marar gaggawa, mai ƙaramar murya. Idan aka kawo kurma gabansa, ba ya yarda ɗan'uwan da ke da rabo a shari'ar ya yi tafinta, sai an nemo wani daban wanda ya san hannun kurman. Yakan ce, "Duk wanda ake magana a kansa, ina son in ji ta bakinsa."

Shari'ar da ta fi zauna mini a rai ita ce ta wani magidanci daga Daudawa mai suna Isuhu, wanda ke fama da taɓin hankali mai zuwa yana tafiya. Mahaifinsu ya rasu, an raba gado, Isuhu ya sami gona a kan tudu da wata 'yar fadama. Yayansa Lawal ya zo neman izinin kotu ya sayar da su duka, ya ce zai yi masa magani da kuɗin. Aka shigo da Isuhu da mari a ƙafa, yana ta surutai shi kaɗai.

Malam ya dubi ƙafar, ya ce, "Laifin me ake tuhumarsa da shi?"

Lawal ya ce, "Allah gafarta Malam, ba shi da laifi. Gudu yake yi."

"To, a kira maƙeri."

Kotu ta jira har maƙeri ya zo ya cire ƙarfen. Sannan Malam ya sauko daga kujerarsa, ya zauna kan benci kusa da Isuhu, ya gaishe shi, ya tambaye shi gida. Isuhu bai amsa da abin da ya shiga hankali ba. Malam ya juya ga Lawal.

"Kullum haka yake?"

"A'a, wani lokaci garau yake, har noma yana yi."

"To, sai ranar da ya tashi garau ku dawo."

Lawal ya ce damina ta matso, mai sayen ba zai tsaya ba. Malam ya ce masa ciwo ba ya fitar da mutum daga dukiyarsa, kuma abin da mai irin wannan lalura ya faɗa a lokacin da hankalinsa ya dawo, magana ce da shari'a take karɓa. Ya ɗora wa kawunsu kula da gonakin, ya umarta a kai Isuhu asibiti, ya hana a sake sa masa mari.

Sai da aka yi shuka aka yi noman farko, mai sayen ya janye, sannan Isuhu ya shigo kotu da ƙafarsa, cikin wankakkiyar riga. Malam ya karanta masa buƙatar yayansa a hankali. Isuhu ya ce, "A saida fadamar, ina son maganin. Ta tudun a bar mani, nan Baba ya koya mani riƙon galma."

Lawal ya yi tsaki. "Ashe dai sai an saida. Ba abin da na ce ba ke nan tun farko?"

Malam ya ce, "Da kun sayar ranar nan, ƙwace ne. Yau ciniki ne."

Shekaru bayan haka, da aka kafa dokar ƙasa mai kare haƙƙin masu ciwon ƙwaƙwalwa, na karanta ta daga farko har ƙarshe. Abubuwa da yawa da ta tanada, na riga na gan su a wannan ƙaramar kotu, a hannun mutumin da babu mai sa masa ido sai Ubangijinsa. Na kai masa labarin dokar. Ya ce, "Madalla. Saura a sami masu haƙurin aiki da ita."

A wurin zaman makoki na haɗu da Lawal, ya yi furfura. Na tambaye shi Isuhu. Ya ce gonar tudu tana nan a hannunsa, bana dawa ya shuka, amma kwanan nan jikin ya motsa.

"Ba mu gaya mashi ba tukuna," in ji shi. "Wasu sun ce in yi gaisuwa a madadinshi, na ce a'a. In ya dawo hayyacinshi sai a gaya mashi, shi zo da kanshi. Gaisuwar tashi ce."

Ya Allah, Ka gafarta wa bawanKa Sada, Ka sassauta masa tambaya kamar yadda ya sassauta wa raunana, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanya Aljanna makomarsa. Ka bai wa matarsa Hajiya da 'ya'yansa da jikokinsa haƙurin wannan rashi. Ka bai wa Isuhu da ire-irensa lafiya, Ka haɗa su da masu tsoronKa a kansu. Amin.